Gyaran Tsakar Gida A Kurmi Ba Sai Mai Kuɗi Ba

Duk wanda ya saba shiga gidajen 'yan Arewa mazauna Kudu, ko a Agege ne ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabon Badun, ko Sabon Shagamu, ko Ama Hausa ta Owerri, zai lura da wani abu da ya kusa zama ruwan dare. Cikin ɗaki tsaf yake, gado a gyare, kwanuka a jere, turaren wuta yana tashi. Amma da an ɗaga labule an fito tsakar gida sai a tarar da ruwa kwance, gansakuka ta yi kore shar a gindin bango, ga tsohuwar taya, ga fasasshen baho, igiyoyin shanya kuma sun sarƙe ta ko'ina har sai babba ya sunkuya kafin ya wuce.

In aka tambayi dalili, amsar ba ta wuce biyu. Ta farko, gidan haya ne. Ta biyu, ai zaman na ɗan lokaci ne, gida yana can Arewa. To, amma unguwar Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta, yau akwai jikokin jikoki da aka yanke wa cibiya a cikinta. Sau da yawa mutum yakan zo da niyyar ya yi damina biyu ya koma, sai ga shi yana aurar da 'yar da aka haifa masa a ɗakin da ya fara sauka. Wannan tsakar gida kuwa da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a nan mata suke wuni, a nan ake girki da wanki, a nan jariri yake koyon rarrafe, a nan kuma ake tara jama'a ranar suna. Magidanci shi da yake fita kasuwa tun da asuba, sai dare ya dawo, shi ne kaɗai bai san zafin abin ba.

Gyaran wurin nan ba ya bukatar dukiya. Abin da yake bukata shi ne a bi shi daki-daki, a kuma gane cewa ba dukan dabarun da aka gada daga gida ne suke ci a ƙasar ruwa ba.

BAMBANCIN ƘASA

Ruwan saman da yake sauka a Ikko cikin shekara ya kusa ninka na Kano sau biyu, na Fatakwal da Kalaba kuwa ya fi haka nesa. A Kano damina wata huɗu zuwa biyar ce, daga nan rana ta busar da kome. A Ikko ruwa yakan kama tun wajen Afrilu, ya tsananta a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, sa'an nan ya sake dawowa a Satumba da Oktoba. Ko ranar da ba a yi ruwa ba iska a jiƙe take.

Saboda haka daɓen ƙasa irin na gida, wanda mata suke taruwa da madaɓi su yi, a yayyafa masa ruwan makuba ya yi ƙarfi da sheƙi, ba ya kai labari a fili a nan. Zanar gamba in ta taɓa ƙasa damina ɗaya ta ishe ta ruɓa. Rumfar kara ma haka. Amma kurmi yana da nasa arzikin da Arewa ba ta da shi. Gora tana da araha, ganyen kwakwa da na tukurwa a wadace suke, kuma ƙasa ce wadda in an soka reshe aka juya baya, sai a dawo a tarar ya yi tofo. Mai dabara da waɗannan yake aiki.

A FARA DA KWASHE TARKACE

Aikin farko ko kwabo ba ya ci, hasali ma kuɗi yake kawowa. A fito da duk abin da aka jibge a lungu shekara da shekaru da sunan wata rana zai yi amfani: tsohon risho, karyayyen gadon ƙarfe, fasassun robobi, gwangwanaye da kwalabe. 'Yan gwangwan, waɗanda galibinsu 'yan uwa ne daga gida, suna zagawa da kura kullum, za su auna su biya. Abin da aka samu shi ne jarin farko na aikin.

Wannan ba maganar ado kaɗai ba ce. Sauro ba ya bukatar fiye da kwana 7 zuwa 10 daga ƙwai zuwa mai fiffike, kuma ɗan ruwan da ya taru cikin taya ko gwangwanin madara ya ishe shi. Irin sauron da yake hayayyafa cikin waɗannan shi ne mai yaɗa zazzaɓin shawara, wanda yake son kududdufi kuma shi ne mai kawo zazzaɓin cizon sauro. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, waɗanda Yarbawa suke kira wole-wole, masu shiga gida-gida suna leƙa randa, in suka ga tsutsar sauro a ci mai gida tara. A 1985 ma gwamnatin soja ta sanya tsabtace gari cikin shirinta na Yaƙi da Rashin Ɗa'a. Abin da a da sai da tsoron hukuma ake yi, ya fi kyau mutum ya yi shi don 'ya'yansa.

Bayan an kwashe, sai a raba wa kowane aiki wurinsa. Igiyoyin shanya su koma gefe guda, a jere, sama da tsawon mutum. Madafa ta tsaya kusurwa ɗaya. Butoci su sami wurinsu kusa da inda ake alwala, shara kuma ta shiga bokiti mai murfi. Wannan kaɗai yakan sa baƙo ya yi tsammani an ƙara wa gidan faɗi.

MAI GIDA DA MAƘWABTA

Kafin a sayi ko da buhun siminti ɗaya, lalle ne a ga mai gidan haya. Wasu sun sha gyara wuri da kuɗinsu, da mai gida ya zo ya ga ya yi kyau sai ya ƙara kuɗin haya, ko ya ba da takardar tashi. Maganin wannan shi ne a yi magana tun da wuri, a gaban shaidu, in da hali a tafi da wani dattijon unguwa ko wakilin Sarkin Hausawa, a kuma rubuta abin da aka shirya. Dokar haya da Jihar Legas ta kafa a 2011 ta tanadi cewa ɗan hayan da ya yi gyara da iznin mai gida a rubuce, in mai gidan ya tashe shi, yana da ikon neman a biya shi abin da ya kashe. Izni na baka ba ya cikin wannan tanadi. Mai gida da yawa kuma in aka nuna masa ruwa yana cin gindin ginin nasa, yakan yarda a cire kuɗin siminti daga haya.

Akasarin gidajen nan masu ɗakuna a jere ne suna fuskantar juna, ana zaune da Bayarabe da Ibo da sauran ƙabilu, tsakar gida ta kowa ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In aka tara 'yan haya aka yi karo-karo, ko mata suka ware kwasa ɗaya ta adashi, nauyin ba zai danne kowa ba. Wanda ya sa kuɗinsa kuma shi zai fara tsawata wa yaron da ya zubar da shara.

HANYAR RUWA

Duk adon da aka yi kafin a sama wa ruwa hanya asara ce. A tsaya ranar da ake ruwa a duba inda yake zuba da inda yake kwanciya. Mafi yawansa daga rufi yake fitowa. Rufin ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, in aka yi ruwa na inci 1, yana zubo da fiye da lita 300, watau duro ɗaya da rabi. In aka sa indararo a bakin kwano aka tara duro a ƙarƙashi, an rage caɓi, an kuma rage sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Sai dai duron ya zama mai murfi, kada kuma a ɗauko wanda aka taɓa zuba maganin ƙwari ko wani sinadari a ciki.

Sauran ruwan a yanka masa 'yar kwata mai faɗin tafin hannu ta bi gindin bango ta fita zuwa lambatun waje. A ba ta gangare, kamar inci 1 a kowace ƙafa 6. Wurin alwala da wanke-wanke, inda ƙasa take shan ruwa, a haƙa rami mai zurfin ƙafa 2 a cika shi da tsakuwa da fasassun bulo, ruwa zai riƙa nutsewa. Amma a unguwannin Ikko da suke kan fadama, inda in an haƙa ƙafa biyu ake cin ma ruwa, ramin ba zai yi aiki ba, sai dai a haɗa wurin da kwata.

DAƁE GWARGWADON ALJIHU

Ba dole ne a shafe tsakar gida duka da siminti ba. Wuri biyu ne suka fi muhimmanci: inda za a zauna, da 'yar hanya daga ƙofar ɗaki zuwa bayan gida da madafa. Ma'aunin da magina suka saba da shi shi ne buhun siminti 1, yashi kwanon sarki 4, tsakuwa kwanon sarki 8. Wannan kwaɓi zai rufe wuri mai ƙafa 6 tsawo da ƙafa 6 faɗi, kaurin inci 2. Ke nan buhu biyu sun isa wurin shimfiɗa tabarmi biyu ko uku. A ɗaga wurin ya ɗara sauran fili da kamar inci 3, a karkata shi kaɗan wajen kwata, a kuma riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Gaggawar takawa da rashin ba da ruwa su suke sa daɓe ya tsage.

Mai son ado sai ya nemi fasassun tayil wurin masu sayar da kayan gini ko inda ake sabon gini. Da araha ake sayar da su a buhu, wani wurin ma kyauta ake bayarwa don a rabu da su. A dasa su cikin simintin tun yana ɗanye, a cike tsakaninsu, a tabbata babu baki mai kaifi da ya fito. A guji masu santsi ƙwarai, don tsohuwa ko mai ciki kada ta zame ranar ruwa. Wanda bai sami tayil ba, jar hodar da ake gauraya wa siminti tana ba da launi mai kyau. Sauran filin kuma a zuba masa tsakuwa, a kewaye da duwatsu ko rabin bulo a shafa musu farar ƙasa, kamar yadda ake gani a bariki da tashoshin jirgin ƙasa.

RUMFA DA SHINGE

Rumfa a Arewa don rana ake yi, a nan kuwa don rana da ruwa ne. Gora ita ce mafi araha, amma tana da sharuɗɗa. A zaɓi wadda ta ƙosa, wadda aka sara da rani. In da hali a jiƙa ta cikin ruwa kamar wata guda kafin a busar, domin hakan yana rage zaƙin da yake jawo ƙwaron da ke mai da ita gari. Kada a binne ƙafarta a ƙasa, gara da danshi za su cinye ta. A kafa guntun rodi, a ɗora gorar kan dutse ko bulo, a ɗaure ta jikin rodin da waya. Ƙusa tana tsaga gora, ɗauri ya fi. A kuma yanke kan kowace gora daidai saman gaɓa, don kada ta zama kofi ta tara ruwa.

Wajen rufi, saƙaƙƙen ganyen tukurwa ya fi sanyi da kyan gani, amma yakan so canji bayan 'yan shekaru, kuma bai kamata ya kusanci murhu ba ko kaɗan. Tsohon kwano ya fi daɗewa. In aka toshe hujojinsa aka shimfiɗa tabarmar gora ta ƙarƙashi, zafin zai ragu, munin kuma zai ɓuya. Abin da za a guje wa shi ne tsohon rufin asbesto da ake cirewa daga tsofaffin gidaje, domin ƙurarsa in an fasa ko an yanka tana yi wa huhu mugun lahani. Kowane irin rufi aka yi a ɗaure shi tamau, don iskar farkon damina ba ta da wasa.

Iyalin da suke son sutura daga idon masu wucewa, maimakon zana sai su tsaga gora su jera ta a tsaye a jikin sanduna biyu. A bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninta da ƙasa. Irin wannan shinge yana kare ido, iska kuma tana ratsawa, wanda a ƙasar gumi ba ƙaramin abu ba ne.

BANGO

Fenti a kan gansakuka ɓarnar kuɗi ne, ba ya wata uku sai ya ɓare. A fara kankare bangon da burushi da ruwan bilic, a bari ya sha iska. Farar ƙasa ta fi fenti araha, kuma fumfuna ba ta cika kama ta ba. A dama ta ruwa-ruwa a shafa sau biyu ko uku, ya fi a lafta mai kauri sau ɗaya, a kuma kiyaye ido da hannu don tana ci. Daga ƙasa zuwa gwiwa a ja layi a shafa launi mai duhu, ja ko ruwan toka, saboda nan ne ruwan rufi yake fantsama laka, musamman a garuruwa masu jar ƙasa irin Inugu da Binin. Launi biyu sun isa. Wanda yake da hannu, in mai gida ya yarda, yana iya zana ɗan dagi a saman ƙofa kamar yadda ake gani a gidajen Zariya da Kano, duk wanda ya shigo ya san inda masu ɗakin suka fito.

SHUKAR DA ZA A CI

Fure yana da kyau, amma shukar da za ta yi kyau ta kuma shiga tukunya ta fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi. Shuwaka da zogale reshe kawai ake sokawa su kama, sai dai zogale ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, a yi masa tudu. Ɗoɗɗoya, barkono, na'a-na'a, alayyahu da ciyawar shayi mai ƙamshin lemo duk suna yi cikin bokiti. Ugu, wanda maƙwabta Ibo suka san kansa, in aka sa shi gindin rumfa zai hau ya rufe ta da ganye, a sami inuwa a sami miya. Gwanda takan yi 'ya'ya cikin shekara guda. A shuka uku ko huɗu, don wasu maza ne ba sa haihuwa. Mangwaro da sauran manyan itatuwa kuwa kada a kusantar da su bango ko ramin masai, saiwarsu tana fasa gini, ta jawo rigima da mai gida.

Tsofaffin bokitan fenti da jarkokin man gyaɗa da aka yanke sun isa tukwanen shuka. A wanke su, a huda gindinsu, a zuba tsakuwa kaɗan, sa'an nan ƙasa haɗe da busasshen taki daga kasuwar kara. In aka shafa musu launi iri ɗaya aka jera, ba mai cewa daga bola suka fito. Mai son amfani da taya ya cika ta da ƙasa dam, kada ya bar mata kwarmin da ruwa zai zauna. Inda ake kiwon kaji ko ake ɗaure ragon Salla, a ɗora bokitan kan benci. Ana yawan cewa ɗoɗɗoya tana korar sauro, amma kada wannan ya sa a ajiye gidan sauro.

WURIN ZAMA

Dakali shi ne kujerar Bahaushe, kuma ɗan haya yana iya yin nasa ba tare da siminti ba. Bulo shida na inci 9 da katako mai kauri guda ɗaya sun ba da benci. Katakon da ake jibga kaya a kai a tashar jiragen ruwa da manyan shaguna, in aka kankare aka cire ƙusoshi, yana zama gadon hutawa ko teburin cin abinci. Tabarma ba sai an aiko daga gida ba, garuruwan Ogotun a Ekiti da Ipetu-Ijesha sun shahara da saƙar tabarmi masu launi, Ikot Ekpene kuma da kayan tukurwa. Sai dai a nan ba a barin tabarma ta kwana a ƙasa. A kafa ƙusa biyu a ƙarƙashin rumfa a riƙa rataye ta, in ba haka ba fumfuna za ta baƙanta ta. Randa a kan kafa, da murfi da moɗa mai tsabta, ita ma ado ce.

Da dare, fitila mai cajin hasken rana guda ɗaya a rataye jikin rumfa ta isa yara su yi karatu, ba kuma za ta shiga lissafin kuɗin wuta da ake rigima a kai ba. Janareta kuwa kada a kuskura a shigar da shi ƙarƙashin rumfa ko kusa da taga don gudun ruwa ko ɓarawo. Hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci. A yi masa 'yar rumfarsa daban a nesa da ɗakuna.

LOKACIN AIKI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da ya dace da wannan aiki shi ne daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ɗauke, siminti da farar ƙasa za su sami damar kamawa. Ba kuma sai an yi shi rana ɗaya ba. Watan farko a kwashe tarkace a ga mai gida a yanka kwata. Wata na biyu a yi daɓe da bango. Na uku a kafa rumfa, a tanadi bokitai, da ruwan fari ya sauka a yi shuka.

Mai tsoron yi wa wani gyaran gida ya duba lissafin da kyau. Abin da zai bari in ya tashi bai wuce kwata da daɓe da farar ƙasa ba, su ne kuma aka ce a rubuta da mai gida. Duro, benci, bokitan shuka, shinge, fitila, har gorar rumfa, duk ana kwance su a loda a mota ranar da Allah ya yi komawa. Kafin ranar ta zo kuwa, ko shekara biyu ce ko ashirin, iyali sun zauna a wuri busasshe mai inuwa, kuma in baƙo ya zo daga gida akwai inda za a shimfiɗa masa tabarma ba tare da jin kunya ba.